Fatalwar Mahadi a Idon Turawan Mulki: Daga Satiru zuwa Dumbulwa

Duk mai nazarin takardun asiri na zamanin Turawa da ke ajiye a Kaduna zai lura da yawan maimaituwar kalma guda, wato Mahadiyya. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, tsoron ya fi barazanar girma, kuma tsoron da kansa ya zama makamin mulki.

Ba a ƙasar Hausa Ingilishi suka fara jin wannan tsoro ba. Da shi suka zo daga Sudan, inda mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad suka kashe Janar Gordon a Hartum cikin 1885. Sa'an nan a watan Fabrairun 1906 talakawan Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka fatattaki wata rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka rushe garin, aka hallaka mutum kimanin 2,000, da goyon bayan Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu. Tun daga nan buƙatar Bature da ta sarakuna suka haɗu: malamin da ya tara jama'a ba da iznin fada ba, abin tuhuma ne ga kowannensu.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a sha'anin Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, wanda nasabarsa ke komawa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya zauna a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, almajirai da manoma suka yi ta ƙaura zuwa gare shi, yana kuma musayar wasiƙu da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadin Sudan. Dumbulwa ba ta ɗaga makami ba. Duk da haka a 1923 aka kama shi bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru. H. R. Palmer, Razdan na Barno, yana cikin waɗanda suka fi kowa ganin zaren makirci guda da ya taso daga Masar da Sudan, ya biyo hanyar alhazai har zuwa Nijeriya. Binciken wannan zare ne ya haifar da rahoton Tomlinson da Lethem na 1927, wanda wasu ɗalibanmu kan ɗauko su kafa hujja da shi kamar shaidar gani da ido, alhali kuwa yawancinsa labarin 'yan rahoto ne da masu neman shiga.

Abin mamaki, shi Abdurrahman ɗin da aka hukunta Sa'idu don hulɗa da shi, a lokacin abokin tafiyar gwamnatin Sudan ne. Ya je Landan a 1919 cikin tawagar da ta kai wa Sarki George na Biyar gaisuwa, a 1926 kuma Ingila ta ba shi lambar girma. Sa'idu kuwa, ko bayan da aka dawo da shi Kano, bai sami cikakkiyar walwala ba sai a 1959, shekara 36 ke nan da kama shi.