Jirgi

jirgi (suna, namiji, jam'i: jirage)

1. Gungumen itace da aka fafe, ko katakai da aka harhaɗa, don tafiya a kan ruwa. Ƙaraminsa shi ne kwalekwale. A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu aikinsa fito ne: idan kogi ya kawo da damina, shi ke ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunansu. Misali: *Ruwa ya cika, sai dai a jira jirgi.*

2. Babban jirgin masunta, wanda ya zama musu gida. A da, Sarkawan Kabi da Yawuri kan bi kogin Kwara da shi wata da watanni, su wuce Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, wasu har Anacha. A tsakiya akwai rumfar tabarma, nan ake kwana. Ana zuba yashi a gindin murhu don kada wuta ta ci katako, taru na shanye a gefe. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ta datse wannan tsohuwar hanya.

3. Daga nan aka ari sunan: jirgin ƙasa, jirgin sama.