Labarin Makarantar Elementare a Ƙasar Bakori

Asalin karatun boko a ƙasar Hausa shi ne makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Amma ƙasar Katsina ta sami rabo babba saboda himmar Sarki Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa, wanda a zamaninsa Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don horon malamai. Daga nan ne makarantu suka riƙa bazuwa zuwa garuruwan hakimai, har kudu, wajen Galadima a Malumfashi, da Sarkin Maska a Funtuwa, da Makama a Bakori.

To, ita elementare ta En'e ce ɗungum. Baitulmali ke gina aji, shi ke biyan albashi, shi ke ba da allo da alli da littafi. Yaro ya yi shekara huɗu, in ya yi ƙoƙari a tura shi Midil a birni. Malamai kuwa kaɗan ne, sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe da aji biyu, ga shi baƙo, an aiko shi daga nesa. Tare da shi akwai malamin Larabci mai karantar da Alƙur'ani da fiƙihu, don zukatan iyaye su kwanta.

Duk da haka ba su kwanta ba. In lokacin ɗaukar yara ya zo, hakimi ya aika wa dagatai, dagatai su aika wa masu unguwa, kowa a yanka masa adadin da zai kawo. Nan fa sai ɓoyo: wani ya tura ɗansa ƙauye wajen kakanni, wani ya ba malami shi su tafi gabas almajiranci, mai hali kuwa ya miƙa ɗan baransa ya hana nasa. Kada a yi saurin zarginsu. Tsoron addini na nan, amma akwai kuma lissafin gona. Ƙasa ce ta dawa da auduga, ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga jirgin ƙasa ya iso tun kafin 1930, kuɗi sun shigo. Manomin da aka ɗauke masa yaro da damina, ko lokacin cirar auduga, an rage masa hannu ɗaya ke nan. Wanda ɗansa ya yi fashi kuwa, dogari ke zuwa kiransa gaban hakimi. Abin da ya juya ra'ayin mutane shi ne ganin ido: 'ya'yan barorin nan suka dawo malaman haraji da na asibiti da na kotu, suna karɓar albashi wata wata.

Cikin 1976 aka soke En'e, aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma soma ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa har ƙarƙashin itatuwa, malamai suka kasa, aka ɗauki waɗanda horonsu bai cika ba. Sai ga jikokin masu ɓoye yara suna taron iyaye da malamai, suna karo-karo don sayen kwano da benci, suna kai kuka a ƙaro musu malami. Aka yanke Jihar Katsina cikin 1987, Bakori kuwa ta zama ƙaramar hukuma cikin 1989, biyan malaman firamare ya koma bisa kasonta.