Turaren da Sai an Matso Kusa: Tarihin Molecule 01

A shekarun 1980, turaren da ya yi tashe a Turai da Amurka shi ne wanda yake riga mai shi shiga ɗaki, ya kuma daɗe a ciki bayan ya fita. Giorgio Beverly Hills na 1981 da Poison na kamfanin Dior na 1985 su suka mamaye kasuwa, har ta kai wasu gidajen cin abinci a Amurka suka hana a shiga da Giorgio saboda ƙarfinsa. A tsakiyar wannan hayaniya akwai wani sinadari marar kwaramniya da ke aiki a ɓoye, wanda daga baya ya zama turare mai zaman kansa.

Sunansa Iso E Super. Masana kimiyyar sinadarai na kamfanin IFF da ke Amurka ne suka samar da shi a ɗakin gwaji a 1973, ba daga fure ko saiwa aka tatso shi ba. Ƙamshinsa mai laushi ne, yana kama da na busasshen itacen al'ul. Masu haɗa turare sun ɗauke shi tamkar gishiri a miya: ana zuba shi ne domin ya fito da armashin sauran kayan haɗi. Sannu a hankali aka riƙa ƙara yawansa, har ya kai kusan kashi 25 cikin 100 a turaren Fahrenheit da Dior ya fitar a 1988.

Wanda ya fito da shi fili wani Bajamushe ne, Geza Schoen, da ya koyi sana'ar a kamfanin Haarmann & Reimer. Ya lura cewa turarukan da suka fi kwanta masa a rai duk suna ɗauke da wannan sinadari da yawa, sai ya yi tunanin ko shi ne sirrin. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, ya shafa wa wani abokinsa sinadarin zalla suka fita shaƙatawa, ba a jima ba wata mata ta zo tana tambayar sunan turaren.

A 2006 aka ƙaddamar da Escentric Molecules da kwalabe biyu. Escentric 01 haɗi ne irin na al'ada, sai dai kashi 65 cikin 100 na ƙamshinsa Iso E Super ne. Shi kuwa Molecule 01 ba shi da wani kayan ƙamshi face wannan sinadari, an tsarma shi kawai. Wannan ya saɓa wa tsarin da aka gada, inda turare yake buɗewa da ƙamshi mai saurin tashi, ya gangaro zuwa na tsakiya, sannan ya tsaya a kan mai nauyi.

Dalilin sanyinsa yana cikin halittarsa. Sinadarin ba ya saurin tashi daga fata, hanci kuma yana saurin sabawa da shi, don haka wanda ya shafa yakan daina jin sa, ya sake jiyo shi bayan wani lokaci. Wasu ma da ƙyar suke jin komai. Wanda ya zauna kusa shi ya fi amfana.

Masu suka sun ce an sayar da kaya mai araha da tsada, kuma gaskiya ne sinadarin ba shi da tsada. Sai dai abin da Schoen ya kawo shi ne ƙarfin halin cire duk sauran, a sana'ar da ta saba auna gwaninta da yawan kayan haɗi. Kasuwa ta bi sahunsa: Molecule 02 ya fito a 2008 da sinadarin ambroxan, Not a Perfume a 2010, Glossier You a 2017, dukkansu an yi su ne domin hancin wanda aka yarje wa ya matso.