Sauya manhajar cikin injin haƙar Bitcoin: abin da ake samu da abin da ake iya rasawa

Wannan tambaya ta sha zo mana, daga ƴan uwa mazauna waje da kuma matasa na nan gida. An haɗa kuɗi an sayi injin haƙar Bitcoin, ko ana shirin saye, sai wani ya ce a kawo ya sauya masa manhajar ciki, zai ƙara gudu kuma ya rage shan kuran. A yarda ko kar a yarda? Tun da sau da yawa kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne, akwai na wa, akwai na ƙane, wani lokaci har da na tsohuwa da ta sayar da tumakinta, muka ga ya dace mu ajiye bayanin a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Da farko mu raba abu biyu. Danne-dannen da samari suka yi ta yi a wayar salula a 2024, irin su Notcoin da Hamster Kombat, shi ma an kira shi haƙa, amma ba shi muke nufi ba. Muna maganar inji ne na ƙarfe, mai nauyin kilo 4 zuwa sama da 10, mai ƙara kamar injin niƙa, wanda ba ya wani aiki sai lissafi dare da rana.

Yadda injin yake aiki

Bitcoin ya fara aiki a 2009. Kusan kowane minti 10 ana rufe shafi ɗaya na rajistarsa, kuma injin da ya riga sauran gano amsar lissafin shafin shi ke karɓar lada. Ladan yana raguwa da rabi kusan duk shekara 4. A watan Afrilu na 2024 ya sauko daga Bitcoin 6,25 zuwa 3,125. Inji ɗaya shi kaɗai zai iya shekaru bai ci ko sau ɗaya ba, shi ya sa masu injuna ke shiga rukuni, kamar yadda masu haƙar zinariya a Jado ke haɗuwa kan rami ɗaya, abin da ya fito a raba gwargwadon aikin kowa.

Manyan masu ƙera injunan kamfanonin ƙasar Sin ne: Bitmain mai Antminer, MicroBT mai Whatsminer, da Canaan mai Avalon. Idan aka buɗe Antminer S9, wanda ya fito a 2016, za a tarar da faranti 3, kowane da ƙwayoyin lissafi 63, jimla 189. Akwai fankoki masu fitar da zafi, akwai akwatin wuta, sannan akwai wani ƙaramin allo da ke ba da umarni. A cikin wannan allo manhajar ciki take zaune. Ita ke faɗa wa kowace ƙwaya irin gudun da za ta yi da yawan wutar da za ta sha, ita ke juya fanka, ita ke kashe injin idan zafi ya yi yawa. Kuma ita ke riƙe da adireshin da ake aika ladan aiki. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Injin yana zuwa da manhajar kamfaninsa. Sauya ta da ta wasu ya yi kama da kai waya wurin mai gyara ya dekode ta, ko kai babur ɗin kabu-kabu wurin makanike ya taɓa karbureta. Sanannun manhajojin waje su ne Braiins OS, ta wani kamfani da ke birnin Prag na ƙasar Cek, wadda ta fito a 2018, da VNish, da LuxOS ta kamfanin Luxor na Amurka, da Hiveon.

Me ya sa mutane ke sauyawa

Babban dalili shi ne kuran. Antminer S19 Pro yana shan wat 3250. A yini da kwana, kilowat-awa 78 ke nan. Mu ɗauka, don misali kawai, ana sayar maka da kilowat-awa ɗaya dala 20: kowace rana injin zai ci jika 7 da dala 160, a wata jika 234, tun kafin a yi maganar riba. Wanda ke biyan wannan, ko kashi 10 cikin 100 aka rage masa, ya san an rage.

To ta yaya manhaja ke rage shi? Ƙwayoyin da ke cikin inji ɗaya ba su zama daidai ba, ko da rana ɗaya aka ƙera su. Wata tana da ƙarfi, wata rarrauna ce. Manhajar kamfani takan yi musu kuɗin goro, ta ba su umarni kusan iri ɗaya. Manhajar waje kuwa takan ɗauki awoyi tana gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara wa mai ƙarfi aiki, ta sassauta wa rarrauna. Sakamakon shi ne ko dai a samu aiki iri ɗaya da wuta kaɗan, ko a samu ƙarin aiki da wutar da aka saba. Wannan ba tatsuniya ba ce, manyan gonakin haƙa a Amurka da sauran wurare suna amfani da irin waɗannan manhajoji. Sai dai yawan ribar ya danganta da irin injin da lafiyarsa, don haka wanda ya yanke maka adadi tun bai ga injinka ba, talla yake yi.

Amfani na biyu, wanda a ganinmu ya fi dacewa da ƙasa mai zafi irin tamu, shi ne sassauta gudu. Kana iya gaya wa injin kada ya wuce wat kaza. Aikinsa zai ragu, amma shan wutarsa yakan ragu fiye da yadda aikin ya ragu, zafi ya sauka, ƙara ta lafa. Wasu manhajojin ma suna rage gudu da kansu idan rana ta take, su ƙara idan dare ya yi sanyi. Masu ƙera injunan sun fi son iskar ɗakin kada ta wuce wajen digiri 40, alhali kowa ya san abin da Afrilu da Mayu ke yi a Tawa da Yamai. Wanda ke aiki da hasken rana ko janareto, wutarsa ƙididdigagga ce, shi ma wannan dama tana yi masa rana.

Akwai kuma masu nutsar da injin cikin wani mai na musamman don sanyaya shi. Su dole su cire fankoki, kuma manhajar waje ce ta saba ba su damar yin hakan ba tare da injin ya ƙi tashi ba. A ƙasashen sanyi har akwai masu rage gudun tsohon S9 su mayar da shi abin ɗumama ɗaki. Mu dai nan ba mu rasa zafi ba.

Dalili na ƙarshe shi ne yarda. A watan Afrilu na 2017 masu bincike suka gano wata ƙofa a manhajar Antminer, aka sa mata suna Antbleed, wadda ta hanyarta ana iya kashe injin mutum daga nesa. Bitmain ya ce wani tsari ne na maganin sata da ba a kammala ba, ya fitar da gyara. Amma tun daga nan wasu masu haƙa suka ce gara manhajar da kowa zai iya buɗewa ya duba abin da ke cikinta.

Ba kyauta ba ce

Masu manhajar waje suna cire rabonsu, yawanci tsakanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Ba kuɗi za ka tura musu ba. Injinka ne zai riƙa yi musu aiki na wani ɗan lokaci, wajen rabin awa zuwa minti 45 a kowace rana in aka tara. Sanannun kamfanoni suna faɗar wannan a fili. Abin lura shi ne, idan ribar da manhajar ta ƙara maka ba ta wuce wannan kaso ba, wahalar banza ka sha.

Inda asarar take

Garanti shi ne na farko da ke tafiya. Ƙa'idar Bitmain ta fito fili cewa injin da aka sa wa manhajar da ba tasu ba, ko aka ƙure masa gudu, ya fita daga garanti. Ga wanda ya sayi sabo, wannan babban abu ne. Ga wanda ya sayi na hannu da garantinsa ya daɗe da ƙarewa, ba abin da ya rage ya rasa ta nan.

Sai lokacin sa manhajar kanta. Idan kuran ya ɗauke ana tsakiyar aikin, ko aka sa manhajar da ba ta dace da allon ba, injin na iya sumewa ya ƙi tashi. Injuna masu suna ɗaya ba lallai allonsu ya zama ɗaya ba: a cikin jerin S19 kaɗai akwai alluna iri-iri, kowane da hanyarsa. Tun wajen 2019 kuma Bitmain ya riƙa toshe ƙofofin da ake bi a sauya manhaja, shi ya sa a sababbin injuna aikin ya fi wuya. Sau da yawa ana farfaɗo da wanda ya sume da katin memori mai ɗauke da manhajar asali, wani lokaci kuwa sai an sayi sabon allo. A Turai ko Dubai wannan aikin ƴan kwanaki ne. A nan sai ka haɗa da kuɗin aike, da duwan, da makonnin da injin zai yi a kwance.

Ƙure gudu shi ne abin da ya fi jan hankalin matasa, shi ne kuma ya fi kashe injuna. Ƙarin gudu yana nufin ƙarin wuta da ƙarin zafi. Farantai na gajiya da wuri, akwatin wuta na iya ƙonewa. Ku duba lissafi: wat 3250 a kan wutar volt 220 ya kai wajen amfiya 15, ba tsayawa, awa 24. Wayoyin ɗakunanmu da yawa an ja su ne don ƙwan fitila da fanka da telebijin. A ƙara wa injin gudu a kan irin wannan waya, a ɗakin da ƙurar hunturu ta toshe masa hanyar iska, ba injin kaɗai ke cikin haɗari ba, har gidan da mutanen da ke barci a ciki. Wasu manhajojin suna ba da damar ɗaga iyakar zafin da injin ke kashe kansa. Wannan wuri ne da muke cewa kar a taɓa.

Yanzu mu koma kan adireshin lada. Duk wanda ya rubuta manhajar da ke cikin injinka, yana da ikon karkatar da aikinsa. Akwai manhajojin jabu da ake rabawa a Telegram da wasu shafuka da sunan kyauta ne, ko an cire musu kason masu ita. Injin zai yi ta ƙara, allon zai nuna komai lafiya, alhali wani ɓangare na aikin yana tafiya aljihun wani da ba ka taɓa gani ba. Kuran kai ke biya. Wasu ma sukan bi ta intanet ɗin gidan su kama sauran injuna, musamman da yake Antminer na zuwa da suna da kalmar sirri da duniya ta sani, mutane da yawa kuma ba sa sauyawa. A farkon 2019 wata cuta mai suna hAnt ta kama injunan Antminer a ƙasar Sin. Ta kulle su, ta nemi a biya Bitcoin 10 ko a yaɗa ta zuwa wasu injuna 1000, in ba haka ba ta kashe fankoki injin ya ƙone. An danganta yaɗuwarta da manhajojin ƙure gudu da mutane suka ɗauko daga wuraren da ba a tantance ba. Kuma Bitcoin in ya fita ya fita. Kuɗin da doka ta sani a ƙasashenmu na UEMOA shi ne sefa na bankin BCEAO, babu wani gishe da za ka je ka ce a dawo maka da abin da aka karkatar.

Wannan ya shafi masu sayen na hannu ƙwarai. Injin na iya zuwa da manhajar wani a ciki, ko kuma an shekara ana ƙure shi har ya kusa mutuwa, aka goge shi aka sa a kwali.

Abin da manhaja ba ta iya yi

Ba ta mayar da tsoho yaro. Don yin aiki iri ɗaya, S9 na shan wutar da ta ninka ta S21 fiye da sau 5. Ba wata manhaja da za ta cike wannan rata. Ƙari a kan haka, kusan duk mako 2 tsarin Bitcoin na sake auna wahalar lissafin, kuma idan injuna suka ƙaru a duniya, rabon kowane inji sai ya ragu. Shi ya sa sana'ar ke bin inda wuta take da arha kuma a tsaye. Bayan ƙasar Sin ta hana haƙa a 2021, injuna suka watsu zuwa Amurka da Kazakistan da Rasha, daga baya wasu suka sauka Habasha saboda wutar madatsun ruwa. Mu kuwa ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, garuruwa suka yi watanni ana karɓa-karɓa. Mai shirin kafa inji a nan, lissafin kuran zai fara yi, maganar manhaja ta biyo baya.

Ga wanda ya riga ya yanke shawara

Ya ɗauko manhajar daga shafin kamfanin da ya yi ta, ba daga hannun wani a guruf ba, ko da ɗan garinsu ne. Ya duba irin allon da ke cikin injinsa kafin komai, ya tanadi manhajar asali a katin memori, kuma kar ya fara aikin sai a kan wutar da ya tabbata ba za ta ɗauke ba. Mai injuna da yawa ya gwada a kan ɗaya tukuna, ya bar shi mako guda. Ya sauya kalmar sirri ran da ya kunna. Ya fara da sassauta gudu, ya ga yadda zafin yake da tsakar rana.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, waɗanda kuka ba da kuɗi aka ajiye muku inji a wani gari ko wata ƙasa, akwai abin da za ku iya dubawa daga inda kuke. Ku tambayi sunan manhajar da ke ciki da kason da take cirewa. Ku nemi a buɗe muku shafin rukunin haƙa da sunanku, ba hoton allon inji kawai ba. Sannan ku kwatanta gudun da injin ke cewa yana yi da wanda rukunin ya ƙirga a awa 24. Ɗan bambanci na kashi 2 ko 3 abu ne da aka saba gani. Idan ya kai kashi 10 ko fiye, kuma ya ci gaba kwana da kwanaki, to ko dai intanet ɗin wurin na yankewa, ko wani faranti ya fara mutuwa, ko kuma akwai mai ci tare da ku. A sa wanda ya san aikin ya mayar da manhajar asali, a sake aunawa kwana 2.