Daga Ina Ɗan Majalisa Ya Samu Ikon Titsiye Minista?

A ƙasashen da ke bin tsarin dimokuraɗiyya, ba abin mamaki ba ne a ga minista, da duk muƙarrabansa da jiniyarsa, zaune gaban kwamitin majalisa ana yi masa tambayar ƙeƙe-da-ƙeƙe a kan kuɗin da aka ware wa ma'aikatarsa. Saboda sabo, mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali wannan iko sai da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kokawa kafin ya tabbata, har kawunan manyan mutane suka faɗi a kansa. Tushensa kuwa kuɗi ne. Wanda ke biyan haraji ne ya fara cewa sai an gaya masa inda kuɗinsa ya shiga, sauran duk daga baya suka biyo.

Tsarin da Najeriya ta gada a wannan fanni daga Ingila ya fito, don haka daga can ya kamata a ɗauko zaren. Sarakunan Ingila na da ba su da wata matsala da ta wuce yaƙi, shi kuwa yaƙi cin kuɗi gare shi. A shekarar 1215 manyan masu ƙasa suka tilasta wa Sarki John sa hatiminsa a kan yarjejeniyar da ake kira Magna Karta, wadda ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne sarki ba zai ɗora wasu nau'o'in haraji ba sai da shawarar manyan ƙasa. Daga nan aka samu ƙofa. Duk lokacin da baitulmali ya bushe, dole sarki ya tara wakilai ya roƙa, su kuma su ce sai an fara sauraron kokensu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai dai akwai wata tangarɗa. A al'adarsu sarki ba ya laifi, ba kuma a gurfanar da shi. To idan kuɗi ya salwanta, wa za a kama? Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce a kama na kusa da shi, a ce su ne suka ba shi gurguwar shawara. A 1376, lokacin da Sarki Edward na Uku ya tsufa, wakilai suka tuhumi ɗaya daga cikin manyan fadawansa, Latimer, da haɗa baki da wani attajirin Landan wajen cin dukiyar masarauta. Aka sauke shi, aka tsare shi. Masana tarihi suna lissafa wannan a matsayin tsigewa ta farko da majalisa ta yi. Nasarar ba ta daɗe ba, domin cikin 'yan watanni ɗan sarki ya dawo da mutumin fada. Amma an riga an kafa misali, cewa bawan sarki zai iya amsa tambaya gaban wakilan masu biyan haraji.

Rikicin ya kai ƙarshen zafinsa a zamanin Sarki Charles na Ɗaya. Daga 1629 zuwa 1640 ya yi mulki ba tare da ya kira majalisa ba, yana tara kuɗi ta wasu hanyoyi, ciki har da harajin jiragen ruwa da ya faɗaɗa zuwa garuruwan da ko ƙamshin teku ba sa ji. Da yaƙi da mutanen Sikotlan ya ƙarar masa da aljihu, sai ya kira majalisar ala tilas. Wakilai suka fara da babban mashawarcinsa, Strafford, aka fille masa kai a 1641. Yaƙin basasa ya biyo baya, shi kansa sarkin aka yanke masa hukuncin kisa a 1649. Bayan shekara 40, dokar haƙƙoƙi ta 1689 ta rubuta abin ƙarara: haramun ne masarauta ta karɓi haraji ba da izinin majalisa ba.

Daga nan takobi ya koma kube, baki ya karɓi aiki. Tambaya ta farko da aka rubuta a tarihin majalisar an yi ta ne a 1721, a zauren iyayen ƙasa, lokacin da wani ya nemi gwamnati ta tabbatar ko gaskiya ne an kama ma'ajin wani babban kamfani da ya durƙushe da kuɗin jama'a, wanda ya tsere ƙetare. A 1742 Robert Walpole, wanda ake ɗauka firaministan farko, ya sauka bayan ya rasa rinjaye a zauren wakilai. An gano cewa ba sai an zubar da jinin minista ba, janye masa goyon baya ma ya isa.

Duk da haka akwai giɓi babba. Majalisa na amincewa da kuɗi, amma ba ta da hanyar sanin ko an kashe su a inda ta ce. Wanda ya toshe wannan giɓi shi ne William Gladstone, lokacin yana ministan kuɗi. A 1861 aka kafa kwamitin bin diddigin asusun gwamnati, a 1866 kuma aka yi dokar da ta samar da babban mai binciken kuɗi, wanda ke duba littattafan kowace ma'aikata ya kai rahoto majalisa. Al'ada ta tabbata cewa ɗan adawa ne ke shugabantar kwamitin, don kada a ba kura ajiyar nama. Wannan gyara, duk da ba shi da armashin fille kan sarki, shi ne ya mayar da tambaya abin tsoro. Ɗan majalisar da ke riƙe da rahoton mai bincike yana tambaya ne da lamba da kwanan wata a hannunsa. Wanda ba shi da shi kuwa ihu kawai yake yi.

Sauran abubuwan da ake gani a talabijin yau sabbi ne. Lokacin tambayoyi na musamman ga firaminista ya zama ƙa'ida a 1961, kwamitocin da ke sa ido kan kowace ma'aikata kuma a 1979 aka kafa su. Abin da ke riƙe da tsarin duka shi ne wata al'ada mai tsauri: minista na iya kauce wa tambaya, yana iya kewaye-kewaye, amma idan ya faɗa wa majalisa abin da ba gaskiya ba, kujerarsa ta fara rawa. John Profumo, ministan yaƙi, ya musanta wata alaƙa a zauren majalisa a watan Maris na 1963, da gaskiya ta fito ya yi murabus a watan Yuni. A Afrilun 2018 ministar cikin gida Amber Rudd ta shaida wa wani kwamiti cewa ma'aikatarta ba ta ƙayyade adadin baƙin da za a kora daga ƙasar ba. Takardu suka ɓulla suka nuna akasin haka, bayan kwana 4 ta ajiye aiki, tana cewa ba da gangan ta ɓatar da majalisa ba.

Wannan tsari ne Turawan mulkin mallaka suka dasa a Najeriya gab da tafiyarsu. Tun kafin a samu ministoci 'yan ƙasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa da ke Kaduna a 1950 ya nemi a binciki yadda ake tafiyar da mulkin En'e, maganar da ta girgiza fadoji da dama. Tsarin mulkin 1951 ya kawo ministoci, kuma a Jamhuriya ta Farko su kansu 'yan majalisa ne. Muhammadu Ribaɗu a tsaro, Inuwa Wada a ayyuka, Maitama Sule a ma'adinai da lantarki, Festus Okotie-Eboh a kuɗi, duk a zauren Legas suke zama, ana iya jefa musu tambaya ido da ido. Amma dashen bai yi saiwa ba. An ɗaure jagoran adawa Obafemi Awolowo a 1963, sannan bayan juyin mulkin ranar 15 ga Janairun 1966 sojoji suka rufe majalisar baki ɗaya.

Nan akwai abin lura da ba a cika faɗa ba. Duk juyin mulki, majalisa ake fara rushewa, ma'aikatu kuwa suna nan suna aiki da manyan sakatarorinsu da fayil-fayilinsu. A kusan shekara 29 na mulkin soja, ɓangaren da ke kashe kuɗi ya ƙware ya goge, ɓangaren da ke tambaya kuma kullum daga farko yake somawa.

A 1979 Najeriya ta koma tsari irin na Amurka, wanda tsarin mulkin 1999 ya ci gaba da shi. Yanzu minista ba ɗan majalisa ba ne. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, Majalisar Dattawa ta tantance. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike don bankaɗo almundahana, sakaci ko almubazzaranci, sashe na 89 ya ba ta ikon aika sammaci, sashe na 85 kuma ya umarci babban mai binciken kuɗi ya riƙa kai mata rahoto. A takarda makaman sun cika. Abin da babu shi ne ikon sauke minista, wannan yana hannun shugaban ƙasa kaɗai. Jihar Kaduna ta nuna tun da wuri cewa makaman na iya zama sandar faɗan jam'iyya, lokacin da majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, har ta tsige shi a 1981.

Babu abin da ya nuna ƙarfin wannan tsari da rauninsa a lokaci guda kamar binciken tallafin man fetur na 2012. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin, litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, mutane suka cika tituna daga Legas har Kano. Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi, ta kafa kwamiti, ta ba Faruk Lawan daga Kano shugabancinsa. Aka haska zaman kai tsaye a talabijin. Ministar mai Diezani Alison-Madueke da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala duk sun bayyana, hukumomi kuma suka riƙa kawo lambobi masu cin karo da juna. Rahoton kwamitin ya ce naira biliyan 245 aka ware wa tallafin a kasafin 2011, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2.5, kuma akwai kamfanonin da suka karɓi kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Talaka ya ji abin da ba don majalisa ba da ba zai taɓa ji ba.

Ba a yi nisa ba sai labari ya sauya. Aka zargi shugaban kwamitin da karɓar dala 500,000 daga attajiri Femi Otedola don cire sunan kamfaninsa daga jerin waɗanda ake tuhuma. A 2021 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 7, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Lambobin rahoton ba su canza ba, amma hankalin jama'a ya tashi daga tiriliyoyin da suka ɓata ya koma kan dalolin mutum ɗaya, waɗanda rahoton ya ambata kuma suka samu numfashi. Ba wannan ne karon farko da aka ji irin warin ba. A 2005 Shugaba Obasanjo ya kori ministan ilimi Fabian Osuji bisa zargin ba wasu 'yan majalisa naira miliyan 55 don kasafin ma'aikatarsa ya wuce, shugaban Majalisar Dattawa Adolphus Wabara ya sauka, ko da yake dukansu sun musanta. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya.

Ba kullum aikin ke tashi a banza ba. A 2013 Majalisar Wakilai ta binciki sayen motoci biyu masu sulke a kan naira miliyan 255 da wata hukumar sufurin jiragen sama ta yi, ta nemi shugaban ƙasa ya sake duba zaman ministar, Stella Oduah, a kujerarta. A Fabrairun 2014 ta bar gwamnati. Amma ko a nan majalisa shawara ta bayar, hukuncin daga fadar shugaban ƙasa ya fito.

Saboda haka wanda ke son auna majalisar Najeriya kada ya tsaya ga ranar da aka ɗaga wa minista murya a gaban kyamara. Tunda ba ta iya korarsa, ƙarfinta na gaskiya yana inda na Ingila ya faro shekara 800 da suka wuce, wato a bakin baitulmali. Sashe na 80 ya ce ba a cire kuɗi daga asusun tarayya sai yadda majalisa ta amince. Ma'aikatar da ta kasa bayanin kuɗin bara, majalisa na da ikon riƙe mata na bana har sai ta kawo bayani. Rahoton mai binciken kuɗi da ke zuwa a makare, ko ya zo ya kwanta a kan shiryayye, majalisa ce ke da alhakin tayar da shi. Mai zaɓe ma yana da nasa rabon. Muddin abin da muke nema wajen ɗan majalisa bai wuce buhun shinkafa da kuɗin suna ba, shi ma zai riƙa ganin minista a matsayin mai ba shi kwangilar mazaɓa. Tambayar da ta dace a yi masa idan ya zo neman ƙuri'a ita ce wane kwamiti yake, wace ma'aikata yake sa wa ido, kuma me ya gano a littattafanta.