Tsofaffin Injunan Samfefa a Hannun Masu Gyara

A sana'armu ta gyaran injunan katako, idan aka kawo tsohon injin samfefa, abin da ake fara nema shi ne ɗan farantin da aka buga a jikinsa, mai sunan kamfani da garin da aka ƙera shi. Sai an kankare fenti hawa-hawa da daskararren giris kafin ya bayyana. Daga abin da ke rubuce a kai mai gyara yake sanin sifanar da zai ɗauko, da irin wutar da injin yake ci, da wahalar da ke jiransa.

Takardar samfefa ta riga injin zuwa duniya. A 1833 John Oakey ya fara manna niƙaƙƙen gilashi a takarda yana sayarwa a Landan, kuma shekaru da dama bayan haka gugar katako aikin hannu ne, aikin yaran shago. Masana'antun kayan ɗaki na Amurka ne suka gaji da jira. A garuruwa irin Grand Rapids ta jihar Michigan, inda ake fitar da tebura da kabad ɗaruruwa, hannu ya kasa. Kamfanin Berlin Machine Works, wanda ya tashi daga garin Berlin na jihar Wisconsin ya koma Beloit, da injin samfefa ya yi suna. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sunan Berlin ya zame masa kaya, ya koma P. B. Yates, a 1925 kuma ya haɗe da wani kamfanin suka zama Yates-American. Saboda haka idan ka ga Berlin a zube a jikin ƙarfe, injin ya haura shekara ɗari.

Fitacce a cikin tsofaffin injunan nan shi ne mai ganga uku. Kowace ganga an naɗe ta da bargon ulu, sannan samfefa a bisa: ta farko mai kaushi, ta biyu matsakaiciya, ta uku mai laushi. Falanki ya shiga ta gaba da tabon zarto, ya fita ta baya sumul. Dabarar da ta fi burge ni ita ce, gangunan suna juyawa kuma suna ɗan kai da komo gefe zuwa gefe, don kada ƙwayar samfefa guda ta ja layi a tsawon katakon. Wannan ɓangaren ne yake fara lalacewa, shi ne kuma masu gaggawa suke cirewa su yar, daga baya a yi ta mamakin abin da ya sa fenti yake tona zane a fuskar ƙofa.

Injunan farko ba su da moton lantarki nasu. Doguwar sandar ƙarfe ce take juyawa a rufin masana'anta, injin tururi yana tura ta, bel na fata suna saukowa zuwa kowane inji. Da lantarki ya wadata sai aka riƙa ɗaura musu moto, shi ya sa za ka tarar da faffaɗan wilin bel da hudojin da ba su dace da komai ba.

Ba su da boris mai ƙwallaye kuma. Sandar gangar tana kwance ne cikin wani farin ƙarfe mai taushi, haɗin kuza da jan ƙarfe da antimoni, wanda ake kira da sunan Isaac Babbitt da ya fito da shi a 1839. Da gangan aka sa shi ya fi sandar taushi, don shi ya cinye ita ta tsira. Sabunta shi ne aikin da ke raba gwani da ɗan koyo. Za a narkar da tsohon a zubar, a wanke mazauninsa tas. A shafa wa sandar baƙin hayaƙi don kada sabon ya manne mata, a daidaita ta a tsakiya, a toshe bakin biyu da abu mai kama da yumɓu. Dole a gasa mazaunin da wuta tukuna, domin ɗigon ruwa guda ya isa ya sa narkakken ƙarfen ya fantsamo wa mutum a fuska. Tsofaffin ma'aikata da tsinken katako suke gwada zafi: in an tsoma ya fara babbakewa, lokaci ya yi. A zuba a tashi ɗaya ba tsayawa. Bayan ya huce a shafa wa sandar shuɗin alama, a juya ta, a duba inda ya taɓa, a kankare wurin da ƙaramar wuƙa, a sake. Haka za a yi ta yi har shuɗin ya bazu ko'ina, sannan a yanka hanyar mai. Masu cewa a fasa duk wannan a sa boris na zamani ba su yi ƙarya ba, ya fi sauri. Amma wanda aka zuba da kyau, in dai ba a hana shi mai ba, sai ya ga jikokin mai shagon. Da tsohuwar zuma ake magani.

A Najeriya na Ingila ne suka fi zuwa hannunmu: Wadkin na Leicester, wanda aka kafa a 1897, da Robinson na Rochdale, da Sagar na Halifax. Zamanin Turawa da farkon 'yancin kai sun shigo ta ma'aikatun ayyuka da makarantun koyon sana'a, daga baya ta hannun 'yan gwanjo. Wutarsu mai layi uku ce, daidai da tamu. Matsalarsu noti. Zarensu na Whitworth ne, ma'aunin 1841, mai kusurwa 55, na kasuwa yau kuwa mai 60 ne. Wanda ya matsa sabon noti da ƙarfi cikin tsohon rami ya kashe ramin, kuma ƙarfen zubi ba ya yafiya. In ya tsage, walda ta yau da kullum ƙara tsaga shi take yi. Sai an ɗumama shi, a yi da sandar nikel ko a liƙe da tagulla, a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali. Na Amurka kuwa an yi su ne don wuta mai zagaye 60, tamu 50 ce, don haka moton yana rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa. Ko a sauya wilin bel, ko a haƙura da aiki a hankali.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injin faffaɗan bel ya kori mai ganga daga manyan masana'antu, domin sauya bel ɗin samfefa aikin 'yan mintoci ne, naɗa ganga uku kuwa sai a ci rabin safiya. Timesavers na Minneapolis suna cikin na gaba, sannan Italiyawa irin SCM na Rimini suka cika kasuwa. Sun fi tsofaffin iya aiki, ban musa ba. Sai dai na baya-bayan nan, ranar da wuta ta yi tsalle ta ƙona allon kwamfutarsu, aiki ya tsaya sai an yi odar wani daga waje.

Abu ɗaya ne ba na yarda a mayar yadda yake a da: ƙura. A shekarun 1960 likitoci suka lura da yawan sankarar hanci tsakanin masu yin kujeru a High Wycombe ta Ingila, a 1995 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Ƙurar samfefa ta fi ta kowane inji laushi, tana yawo a iska bayan an kashe inji, kuma tartsatsi ɗaya daga kan ƙusa ya isa ya tayar da gobara a buhun da take taruwa. Don haka duk injin da zai bar hannuna sai na sa masa murfin bel, da maɓallin kashewa inda gwiwa za ta kai, da bakin bututun zuƙar ƙura. Mai inji zai biya kuɗin fenti da fara'a, amma da an zo kan fankar zuƙa sai ciniki ya tashi, ya ce ai shagon a buɗe yake, iska tana shiga. A nan nake tambayarsa wa zai tsaya a bakin injin daga safe zuwa la'asar, shi ko yaransa.