Sanatan Sabon Tasha da Kuɗin Gudanar da Ofis

A watan Maris na 2018, Shehu Sani, sanatan Kaduna ta Tsakiya, mazaɓar da ta haɗa da Chikun har da Sabon Tasha, ya fasa ƙwai. Ya ce ban da albashin kusan naira 750,000, kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata da sunan kuɗin gudanar da ofis. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wato kuɗin ofishin mutum ɗaya zai biya ma'aikata 750. Abin takaicin shi ne ɗan gida ne ya tona, alhali akwai hukumar da aka kafa domin wannan aiki.

Wannan hukuma, wato RMAFC, ta samo asali ne a 1989, zamanin Babangida. Sashe na 70 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon ƙayyade albashi da alawus na 'yan Majalisar Tarayya, sashe na 111 kuma na majalisun jihohi, irin ta Kaduna da ke zama a Lugard Hall. Sai dai hannunta bai wuce takardar albashi ba. Tun rigimar 1999 kan kuɗin kayan ɗakin 'yan majalisa, wadda ta fito da ƙungiyar ƙwadago kan titi, aka gane cewa abin da aka rubuta a fili shi ke jawo surutu. Manyan kuɗin suna cikin kasafin majalisa, wanda 'yan majalisar ke tsarawa su kuma amince da shi da kansu. Da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce a 2010 majalisa na cin kashi 25 cikin 100 na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya, sammaci suka aika masa. A 2024 RMAFC ta ce sanata na samun naira miliyan ɗaya da 'yan kai a wata, Sanata Kawu Sumaila kuma ya shaida wa BBC Hausa cewa miliyan 21 yake karɓa. Dukansu ba ƙarya suka yi ba; kowa aljihun da ya sani ya ƙirga.

Masu kare tsarin na cewa jama'a ne ke cinye kuɗin, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Duk wanda ya ga ƙofar gidan ɗan majalisa da safe ya san layin: wannan da takardar magani, wancan da katin ɗaurin aure, wata da kuɗin makarantar marayu. To amma in can kuɗin ke tafiya, me ake tsoro a nuna rasit? Mai kayan miya a kasuwar Sabon Tasha da ba ta taɓa bin layin ba, harajinta na ciki. Wasu kuma na cewa sa ido daga waje tauye 'yancin majalisa ne. Majalisar Birtaniya ba ta rasa 'yancinta ba bayan abin kunyar 2009 kan kuɗin da 'yan majalisarta suka riƙa nema, da ta miƙa lamarin ga hukumar IPSA, wadda ke duba kuɗin da kowane ɗan majalisa ya nema ta kuma wallafa su da sunansa.